Ƙarfin Bugu Daga Ƙasa Yake Tasowa: Darasi Kan Koyar da Bugun Sofbol

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in yi magana kan wasan da yawancinmu ba mu taɓa riƙa sandarsa ba, wato sofbol, musamman yadda ake koya wa mutum bugun ƙwallonsa. Na san wani zai ce, yo ana fama da furojet da jarabawar ƙarshe, ina ruwanmu da wani sofbol? Ruwanmu shi ne, mu 'yan ajin ƙarshe na difloma mun kusa fita shekarar sanin makamar aiki, kuma da yawanmu a makarantun firamare da sakandare na garuruwanmu za mu tsinci kanmu. Ranar da aka ce lokacin wasanni ya yi, maza za su ɗauki ƙwallon ƙafa su yi gaba, 'yan mata kuma a bar su gindin bishiya suna kallo. Sofbol wasa ne da za a iya ba su, domin ana yin sa da dogon wando da ƙaramin hijabi, kuma ba wasan cakumar juna ba ne. Sai dai yarinyar da ta kai bugu sau ashirin ba ta taɓa ƙwallo ba, ƙawayenta na yi mata dariya, da wuya ta dawo gobe. Wanda ya iya koyar da bugu shi ke riƙe yara a fili.

Ni 'yar Kankiya ce, dangin mahaifiyata kuma suna Kusada. Na fara wasan a sakandare hannun wata 'yar bautar ƙasa da ta zo mana da sanda biyu da ƙwallo a jakarta, kuma hutu uku ke nan ina koya wa ƙannena da ƙawayensu a garuruwan biyu. Da yarinya zan riƙa misali, amma duk abin da na faɗa haka yake ga namiji.

Wasan a taƙaice

An fara sofbol a birnin Shikago na Amurka a 1887, a matsayin besbol da ake yi cikin ɗaki, kuma George Hancock ne ya tsara dokokinsa na farko. Na mata ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Amurka ta ci zinare a 1996 da 2000 da 2004, Japan ta karɓe a Beijin a 2008, daga nan aka cire wasan. Ya dawo a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, Japan ta sake ci, kuma yana cikin wasannin Olamfik na 2028. A nan gida ma an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003.

Kowane ɓangare 'yan wasa tara ne. Akwai zango huɗu a kusurwoyin fili mai murabba'i, tsakanin kowane zango da na gaba mita 18.29. Majefiya tana tsakiya, tana kewaya hannunta kamar fanka ta saki ƙwallon ta ƙasa, daidai ƙugunta. Mai bugu tana tsaye a zangon gida da sanda; in ta buga sai ta ruga zango na farko, in ta zagaye huɗun ta dawo gida an ci maki ɗaya. In ta kuskure jifa mai kyau sau uku, ta fita. Kewayen ƙwallon kamar santimita 30 ne, kuma duk da sunansa na nufin ƙwallo mai laushi, wallahi ba shi da laushi.

Bugun ƙwallo da sanda ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina. Ɗaliban Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 sun yi kurket, cikinsu har da Sardauna Ahmadu Bello. Sarki Muhammadu Dikko ya kawo ƙwallon dawaki, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa har wajen Najeriya. Sanda ce kawai ta bambanta, jikin da ke juya ta ɗaya ne.

Mu yi lissafin lokaci

Tazarar majefiya da mai bugu a wasan manyan mata mita 13.11 ce, a na maza mita 14.02. Ƙwararrun mata suna wuce gudun kilomita 100 a awa; a 2012 Monica Abbott ta Amurka ta yi jifan mil 77 a awa, kusan kilomita 124 ke nan. Mu ɗauki kilomita 100. A raba da 3.6, ya zama mita 27.8 a daƙiƙa. Majefiya kuma tana yin tsalle gaba kafin ta saki, sai tazarar ta ragu zuwa kamar mita 11.5. A raba 11.5 da 27.8, an sami daƙiƙa 0.41. Kaɗa sandar kanta na cin kusan rabin wannan lokaci. Abin da ya rage na gani da yanke shawara bai wuce ƙiftawar ido ba.

Yaranmu ba za su fuskanci irin wannan jifa ba tukuna, amma darasin yana nan: bugu mai dogon zagaye ba ya riskar ƙwallo. Gajere ake so, mai sauri, wanda jiki ya haddace har ba ya buƙatar tunani.

Daga ina ƙarfin yake zuwa?

Masu karatun injiniya sun san ƙarfin motsi rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. In aka ninka nauyin sanda, ƙarfin ya ninka sau biyu. In aka ninka gudunta, sau huɗu. Saboda haka kada a ba yarinya sanda mai nauyi wai don ƙwallo ya yi nisa. Gwajin da masu horarwa ke yi shi ne ta miƙe sandar a gefenta da hannu ɗaya. In hannun ya fara rawa kafin a ƙirga ashirin, ta yi mata nauyi.

To gudun sanda fa, me ke kawo shi? Ba dantse ba ne. Ƙafa ce ke tura ƙasa, ƙugu ya juya, gangar jiki ta bi ƙugu, kafaɗa ta bi gangar jiki, hannu ya bi kafaɗa, sanda ta zo daga ƙarshe tana fyaɗawa kamar bakin bulala. Kowace gaɓa tana miƙa wa ta gaba abin da ta tara. In wata ta riga ta bayanta motsi, sarƙar ta tsinke, ƙarfin da ke ƙasa ya zube. Ku lura da ɗan dambe in zai kai naushi: ƙafar baya ce ke fara turawa, ƙugu ya murɗa, hannun da aka naɗe shi ne na ƙarshen isowa. Haka mai saran icce ta gefe da gatari.

'Yan matanmu suna zuwa da wata riba daga gida. Wadda ta saba daka ta san ba a danƙe taɓarya da ƙarfi, har sakinta take yi ta tafa ta cafe, kuma da gwiwa da baya take aiki. Matsalar ɗaya ce: daka daga sama zuwa ƙasa yake, bugun sofbol kuwa kewaye ne. A Kusada na ga yaran da suka fi kowa iya lugude su ne suka fi saran ƙwallo ƙasa a makon farko. Za mu zo kan maganinsa.

Matakai shida na bugu

Zan yi bayani da mai bugun dama, wadda kafaɗarta ta hagu ke kallon majefiya. Bahaguwa sai ta juya komai. Don Allah kada a tilasta mata komawa dama kamar yadda aka saba yi wa yara a gida. A sofbol bahaguwa ta fi kusa da zango na farko, riba ce gare ta.

1. Riƙo. Hannun hagu a ƙasa kusa da gindin sanda, na dama a samansa, suna taɓa juna. Sandar ta kwanta a gindin yatsu, kada a cusa ta cikin tafi. Gaɓoɓin yatsun da ake ƙwanƙwasa ƙofa da su, na hannu biyun, su yi kusan layi ɗaya. A riƙe sakwa-sakwa. Hannu da kansa zai danƙe lokacin haɗuwa.

2. Tsayuwa. Ƙafafu su ɗan wuce faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a gaban tafin ƙafa. Hannuwa kusa da kafaɗar baya, kan sanda ya ɗan kwanta. A juyo fuska sosai yadda ido biyu za su ga majefiya, domin ido ɗaya ba ya auna nisa da kyau.

3. Ɗanawa. Da hannun majefiya ya fara kewaye, mai bugu ta ɗan mai da nauyinta kan ƙafar baya, ta cikin cinya, ba tare da gwiwa ta wuce ƙafa ba. Kamar ɗana baka ne, sai an ja baya kibiya ke tafiya.

4. Taku. Ƙafar gaba ta ɗan matsa wajen majefiya, taku gajere, ta sauka a hankali kan yatsu kamar mai taka ƙasa mai zafi. Nan ne sirrin yake: ƙafa ta yi gaba, hannuwa su tsaya baya. Wannan jan da ke tsakanin ƙasan jiki da samansa shi ne robar da za ta harba sandar. Taku yana ƙarewa kafin bugu ya fara, ba tare ake yin su ba.

5. Juyi. Da dunduniyar gaba ta sauka, ƙugu ya buɗe. Dunduniyar baya ta tashi, gwiwar baya ta juyo ciki, ƙafar gaba ta ƙage ta zama turken da jiki ke kewayawa. Gwiwar hannun baya ta sauko kusa da haƙarƙari, gindin sanda ya nufi ƙwallo, kan sanda na biye a baya.

6. Haɗuwa da ƙarasawa. Ana haɗuwa da ƙwallo a ɗan gaban jiki, wajen ƙafar gaba. A wannan lokaci tafin hannun dama na kallon sama, na hagu na kallon ƙasa, kai a tsaye cik, ido kan ƙwallo. Wurin da ya fi daɗin bugu yana kamar faɗin tafin hannu ɗaya da rabi daga kan sanda. In an same shi hannu ba ya jin girgiza. Sanda da ƙwallo suna haɗuwa ne na kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka babu wani gyara da za a yi a nan, an gama komai tun baya. Bayan haɗuwa hannuwa su miƙe su bi ƙwallon, sannan sanda ta zagaya ta ƙare bayan kafaɗar hagu. Haɓar da ta fara kusa da kafaɗar gaba ta ƙare kusa da ta baya.

Ƙarin bayani ɗaya: jifan da ya matso jikin mai bugu ana tarbarsa da wuri, can gaba, wanda ya yi nesa da jiki ana barinsa ya ɗan ƙara shigowa. Bugun iri ɗaya ne, wurin haɗuwa ne ke sauyawa.

Aikin ido

A 2004 majefiyar Amurka Jennie Finch ta yi wa manyan 'yan besbol maza jifa, cikinsu har da Albert Pujols, suka kasa taɓa ƙwallonta. Ƙarfi ba su rasa ba. Idonsu ne ya saba karanta kafaɗar mai jifa ta sama, ya san inda ƙwallo zai bi tun kafin a sake shi. Da aka zo masu da jifan ƙasa sai karatun ya ɓace. Ke nan a koya wa yarinya ta kafa ido a ƙugun majefiya, inda ƙwallo ke fitowa, kada ta bi hannun da ke kewaye.

Ƙwallon kuma ba layi miƙaƙƙe yake bi ba. A cikin daƙiƙa 0.41 ɗin nan, jan ƙasa kaɗai zai sauke shi kamar santimita 80 daga layin da aka sake shi a kai. Ku lissafa rabin 9.8 sau 0.41 sau 0.41 ku gani. Majefiya na iya murza shi ta baya don ya ƙi sauka yadda ido ya zata, ko ta gaba don ya nutse da wuri, ko ta rage gudu da gangan. Ido ba ya koyon wannan daga bayani, sai ya ga jifa ɗaruruwa.

Kurakurai huɗu da maganinsu

Jefa sanda waje. Hannuwa su bar jiki tun farko, sanda ta yi dogon zagaye. Magani: ta tsaya tana fuskantar bango, gindin sanda a cibiya, kanta na taɓa bangon. Daga wannan tazara ta gyara tsayuwa ta kaɗa a hankali ba tare da sanda ta goge bango ba.

Faɗawa gaba. Duk nauyi ya koma ƙafar gaba tare da taku, hannuwa su biyo. Irin wannan da an rage gudun jifa an gama da ita. Magani: taku, a tsaya, a ƙirga biyu, sannan bugu.

Saran ƙasa, wato gadon daka. Magani: a kafa turke biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya gaban ɗaya da tazarar taƙi guda, kowanne da ƙwallo a kai. Ta bugi na farko yadda zai ture na biyu. Mai sara ƙasa ba za ta taɓa samun na biyun ba, kuma da kanta za ta gane dalili.

Bugu da hannu zalla. Ƙafar baya na manne da ƙasa, ƙugu bai motsa ba. Magani: ta sa sanda a bayan ƙugunta ta maƙale ta da gwiwoyin hannu, ta juya ta ture ƙwallon da ke kan turke da kan sandar. Babu hannu a ciki, dole ƙugu ya yi aiki.

In kuna neman tushen kuskure, ku fara dubawa daga ƙasa. Sau da yawa abin da ake gani a hannu daga ƙafa ya taso. Yarinyar da ke kauce kai, in kun duba da kyau, takunta ne ya yi tsawo har jiki ya rasa daidaito.

Bakin mai koyarwa

A ganina nan ne aka fi ɓata yara. Mutum ya tsaya yana ta zuba: ɗaga gwiwar hannu, juya ƙugu, kalli ƙwallo, kada ki yi gaba. Haba, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu. Gyara ɗaya a rana ya isa, kuma a bar ta ta yi bugu biyar ko shida kafin a sake magana.

Yadda ake faɗin gyaran ma yana da tasiri. Farfesa Gabriele Wulf da abokan aikinta sun daɗe suna gwaji tun ƙarshen shekarun 1990, suka nuna mai koyo ya fi kama motsi in aka mai da hankalinsa kan abin da motsin zai haifar a waje, maimakon gaɓoɓin jikinsa. Ni abin da nake yi, in ɗaura wa yarinya ɗankwali a ƙugu da ƙulli a gaba, in ce mata, "Ƙanwata, juyo ƙullin nan ya gaida majefiya." Maimakon in ce ta miƙe hannu, sai in ce, "Aika mani shi gindin darbejiyar can." Jiki ya san hanyar da zai bi in an nuna mashi inda za shi.

Wayar da ke aljihunku ma malama ce. Bidiyo na yau da kullum yana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, bugun daƙiƙa 0.2 zai fito a hoto 6 kawai. Wayar da ke ɗaukar 240 za ta ba ku 48. Ku ɗauka daga gefe, daidai ƙugu, ku duba abu ɗaya: ƙugu ne ya fara juyawa ko hannu? Gani ya kori ji. Amma a nemi izinin iyaye kafin a ɗauki ɗiyar mutane, kuma a goge bayan an nuna mata.

Kayan aiki da tsarin rana

Turke ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: bututun roba na ruwa a kafa cikin gwangwanin fenti da siminti, a sa guntun tiyo mai laushi a samansa. Masu farawa su yi da ƙwallon tanis. Sanda kuwa, dokar wasan ta ce kada ta wuce santimita 86.4 a tsawo da 5.7 a kauri. Ta yara ta fi haka gajarta. A Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta fitar da manyan 'yan besbol da yawa, yara suna wasa da marfin gorar ruwa da sandar tsintsiya, kuma hakan na wasa ido ƙwarai. Marafen roba kam ba mu rasa su ba a Kankiya.

Ga yadda nake raba minti 45 ga yara goma sha biyu: minti 5 ɗumama jiki, minti 5 kaɗa sanda babu ƙwallo, minti 24 a rukuni uku masu juyawa duk minti 8 (turke, wurgi a hankali daga gefe, da jifa daga gaba), sannan minti 11 na ƙarshe a yi wasa na gaske, domin don shi suka zo. A ƙarshen kowane bugu a kan turke, ta daskare a yadda ta ƙare har a ƙirga uku. In ta tangaɗa, akwai abin dubawa a ƙafa.

Dokar tsaro ba ta da sassauci. A zana da'ira a ƙasa, babu mai kaɗa sanda sai a cikinta, babu mai shiga in akwai wata a ciki. Bayan bugu ana ajiye sanda ne, ba a wurgi da ita. Ranar da aka koma ƙwallon gaske, sai da hular kwano.

Ina kira ga daraktan wasanni na ƙungiyarmu ya ware mana kusurwa ɗaya ta filin ƙwallon ƙafa. Murabba'in mita 18.29 da farar ƙasa kaɗan sun isa a fara. 'Yan uwanmu na sashen injiniya, ga awon sanda nan na ba ku, ku gurzo mana biyu a wokshof mu gwada. Wanda kuma ke son ganin matakan nan shida da idonsa kafin mu watse, ya zo da sandar tsintsiya da marafe goma, mu haɗu a fili bayan la'asar. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya sa mu gama lafiya.